Yadda Ake Daidaita Eriyar Rediyon Mota da Dalilin Yi Mata Alama

A watan Agustan 2024, ambaliyar ruwa ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin ƙaramar hukumar Katagum ta Jihar Bauchi. A irin wannan hali, idan layukan wayar salula suka samu tangarɗa, rediyon da ake ɗorawa a mota mai aikawa da karɓar saƙo na daga cikin hanyoyin sadarwa da ke ci gaba da aiki, domin ba ya dogara da turakun kamfanonin waya. Sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan eriya.

Masu irin wannan rediyo don sha'awa da taimakon jama'a suna aiki da lasisin gwamnati, kuma lambobin kiransu a Najeriya na farawa da 5N, a Nijar kuma da 5U.

Masu sauraron tashoshin gajeren zango a Azare sun saba da jin "mita 31" ko "mita 25". Wannan adadi tsawon igiyar rediyo ne, ana samun sa idan aka raba 300 da yawan megahaz. Saboda haka zangon megahaz 14 ake kira mita 20, na megahaz 145 kuma mita 2.

Eriyar mota a bisa ƙa'ida takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar. A mita 2, sanda mai kusan santimita 50 ta wadatar. A mita 20 ana buƙatar kimanin mita 5, a mita 40 kuwa kimanin mita 10, abin da mota ba za ta iya ɗauka ba. Don haka ake naɗa waya a jikin sandar domin ta cike gurbin tsawon da aka rage, sannan a ɗora siririn ƙarfe a sama wanda ake ja ko a tura.

Ana gwajin ne da ma'aunin SWR, wanda ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta mayar wa na'ura maimakon ta watsa shi. Sakamakon 1:1 shi ne mafi kyau, ƙasa da 2:1 kuma karɓaɓɓe ne. Idan ya yi yawa, na'urar kan rage ƙarfinta ko ta lalace. Ƙara tsawon ƙarfen na saukar da eriya zuwa ƙasan zango, rage shi kuma na ɗaga ta sama. Ana gyaran kaɗan-kaɗan, da ƙaramin ƙarfi, a fili nesa da gine-gine da wayoyin lantarki, kuma a kan motar da za a yi amfani da ita, domin jikin motar ɓangare ne na eriyar.

Sandunan zanguna daban-daban sukan yi kama da juna ƙwarai. Wanda ya ɗaura ta mita 20 ya yi kira a mita 40 ba za a ji shi ba. Shi ya sa ake rubuta wa kowace sanda zangonta da tsawon ƙarfenta, a sa wa sanda da ƙarfenta tef mai launi ɗaya, sannan a yi zane a daidai inda aka ɗaure ƙarfen.

Zafin rana da ƙurar hunturu na goge tawada, kuma gargadar hanya na sassauta kusoshi. Saboda haka ya dace a rufe rubutun da tef mai haske, a ajiye kwafinsa a cikin mota, kuma a sake auna kowace eriya kafin damina ta kankama.