Haƙorin da ba ya son ruwan sanyi

Lokacin hunturu ne aka fi jin wannan kuka: an kurɓi ruwan randa da asuba, ko iska ta shiga baki, sai haƙori ya tsira kamar an soka allura, can kuma ya lafa. Da yawanmu kan ce tsutsa ce. Babu wata tsutsa a haƙori.

Kowane haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda ya fi ƙashi tauri. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ƙananan ƙofofi da ke kaiwa ga jijiya. Idan ɓawon ya sire, ko dasashi ya ja baya ya bar gindin haƙori a fili, sanyi da zafi da tsami sai su isa jijiyar. Ɓawon da ya tafi kuwa ba ya sake tsirowa.

Sau da yawa garin neman tsabta ne muke cinye shi. Dirzar haƙora da gawayi, toka ko yashi tana sa su haske na ɗan lokaci, amma kankare su take yi. Haka ma buroshi mai tauri. Asuwaki ba shi da laifi, in dai an tauna bakinsa ya yi laushi, aka goga a hankali. Sai kuma tsami: tsotsar tsamiya, lemun tsami, lemun kwalba, da aman masu juna biyu. Akwai kuma cizon haƙora cikin barci, wanda damuwa ke ƙara shi, kuma mun san abin da iyalai da yawa suka gani kafin su iso nan. Mai yi ba ya sani, sai na kusa da shi ya faɗa masa.

A goge baki safe da dare da man da aka rubuta Fluoride ko Fluor a jikinsa. A tofar da kumfar, kada a bi da kurkura. Bayan cin abu mai tsami ko amai, a kurkure da ruwa kawai, a jira kamar awa ɗaya kafin gogewa. Akwai man da aka yi musamman don wannan matsala, amma yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi.

Don Allah kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a haƙori, kada kuma a danna masa ƙwayar asfirin. Ƙona dasashi suke yi.

Idan zafin ya daɗe bai lafa ba, ko yana zugi har ya hana barci, ko akwai kogo, a zo asibitin sansani a duba. Kumburin fuska da zazzaɓi, ko wahalar buɗe baki da haɗiya, ba abin jira ba ne: a kawo mutum nan take, ko da dare ne, yaro ko babba.