Kuɗin Fata a Tsohon Garin Agadas

A gidajen maƙeran Agadas, cikin lungunan da ke kewaye da masallacin nan mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, aiki rabe yake tun kaka da kakanni. Namiji ke ƙera azurfa, mace ke ɗinkin fata. A da, Abzinawan daji ake yi wa jakar raƙumi da matashin fata, su biya da akuya ko hatsi. A shekarun 1980, lokacin da tseren motocin Paris-Dakar ke ratsa garin, sai ga Turawa masu saye kuɗi hannu.

A wancan lokacin, da hunturu ya kama, maza kan bi baƙi zuwa Tenere da duwatsun Ayar, wani direba, wani ɗan jagora, wani kuku. Barin gida a hannun mace bai zama sabon abu ba, matan yankin sun saba tun zamanin ayarin gishirin Bilma. Abin da ya sauya shi ne kuɗin da ke shiga lalitarta ba tare da sun bi ta hannun miji ba. Mata suka ƙanƙance aikinsu, alabe da 'yar jakar da za ta shiga akwatin bafaranshiya, suka kafa ƙungiyoyi da adashi. Wadda ke sayen gero, ta biya kuɗin littafin yaro, ba a yanke maganar auren 'yarta a bayan idonta. Amma fa daka da girki da ɗebo ruwa ba su ragu ba. 'Yar fari ce ta gaje su, wani lokaci a bakin karatunta, kuma ba a cika kawo wannan cikin lissafin ribar ba.

Tawayen Abzinawa na 2007 da sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a 2010 suka kore baƙi. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihin duniya a 2013, ba su dawo yadda ake fata ba. Direbobi suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, har wata doka ta hana a 2015, wasu suka nufi haƙar zinari a Jado. Mai ɗinkin fata kuwa ta koma ga amare da masu biki, don kayan ɗaki ba sa jiran jirgin Turai. A gidaje da dama, da wannan ɗan cinikin ake ɗora tukunya, kuma ba kowane maigida ke iya haɗiye hakan ba.