Daga Mindif zuwa Yawunde: Kwana biyu tsakanin filin golf da yawon buɗe ido

Daga wakilinmu a Mindif

Fatakenmu da dama da ke kai albasa, shanu ko kilishi kudancin Kamaru sun shafe shekaru suna zuwa Yawunde, amma in ka tambaye su abin da suka sani a birnin, ba zai wuce tasha da kasuwa da gidan mai masauki ba. Da an sauke kaya an ƙirga kuɗi sai a kamo hanyar gida. Alhali kuwa kwana biyu kacal mutum zai ƙara, Asabar da Lahadi, ya ba idonsa abinci, musamman in tafiyar ta dace da lokacin gasar golf ta ƙwararru da ake yi a filin da ke gindin dutsen Febe.

Hanyar dai sananniya ce. Daga Mindif a shiga Marwa, daga nan a bi mota ta Garwa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974. Jirgin ƙasa na Camrail kan kwana a hanya, ya wayi gari a Yawunde. Don haka mai son ganin wasan Asabar sai ya bar gida tun ranar Alhamis, bayan ya tabbatar da ranakun gasar, kuma kada ya manta da katin shaidarsa saboda shingayen jami'an tsaro.

Shi wasan golf ba shi da wuyar ganewa. Ramuka 18 ne a fili, ɗan wasa na bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa kowane rami, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. A manyan gasanni kwana huɗu ake yi, bayan kwana biyu a tankaɗe waɗanda suka gaza, saura su fafata a kan kuɗin da aka sa. Ɗan kallo a ƙafa yake bin 'yan wasa, kuma doka ce a yi tsit a kashe ƙarar waya idan za a buga. Wanda ya saba da ihun filin Roumde Adjia na Garwa sai ya kama bakinsa.

Ana yi wa golf kallon wasan masu hannu da shuni, kuma da gaskiya a ciki, domin sandunan da kuɗin rajista ba na talaka ba ne. Sai dai wasu ƙwararrun Afirka 'ya'yan talakawa ne da suka faro da ɗaukar wa manya jakar sanduna. Misali shi ne Issa Nlareb, wanda ya tashi a Yawunde yana tsintar ƙwallaye a wannan fili har ya zama ƙwararre. A 2018 cutar sanƙarau ta kama shi yana gasa a Masar, aka yanke masa ƙafafu biyu da mafi yawan yatsun hannu, amma ya dawo wasa da ƙafafun roba, har ya buga gasar naƙasassu a Amurka a 2024. Mu da muka san ɓarnar sanƙarau a lokacin zafi a nan arewa, wannan labari ya ishe mu darasi.

Bayan an tashi daga fili, sai gari. Gidan tarihi na ƙasa yana cikin tsohuwar fadar shugaba Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa. Akwai kuma hasumiyar tunawa da haɗewar Kamaru ta Faransa da ta Ingila a 1961. Da yamma sai a gangara unguwar Briqueterie, inda Hausawa suka daɗe da zama, a yi sallah a babban masallaci, a ci tsire, a ji Hausa da Fulatanci kamar ana Marwa. Mai neman sari kuwa kasuwar Mokolo na jiransa.

Shawara a nan ita ce, a ware kuɗin yawo daban da uwar kuɗi tun daga gida, kada daɗin birni ya cinye jari. Wanda ya kiyaye wannan zai koma rumfarsa da ribarsa a aljihu, ga kuma labarin da zai ba maƙwabta.