Dalilin Ƙayyade Abinci Kafin Tiyatar Rage Ƙiba

Da wuya likita ya shigar da mai fama da matsananciyar ƙiba ɗakin tiyata bai fara ɗora shi a kan tsarin abinci mai tsauri ba. A asibitocin gwamnati na Birtaniya, akan yi mako 2 zuwa 4 mutum yana cin abin da bai wuce kalori 800 zuwa 1000 a rana ba, wato rabin abin da baligi ke buƙata ko ma ƙasa da haka. Duk wannan wahala saboda hanta ake shan ta.

Ɓarin hagu na hanta a kwance yake a kan tumbi, inda ake yin tiyatar. A yau yawanci ba a tsaga ciki. 'Yan ƙananan huji ake yi, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Kafin likita ya kai ga tumbin, sai ya ɗaga hantar gefe. To, hantar mai ƙiba takan cika da kitse, ta yi girma da nauyi, ga saurin zubar jini idan an taɓa ta. Idan ta tare hanya, aikin yakan daɗe, wani lokaci ma a fasa shi a sa wata rana.

Hanta tana cikin rumbunan da jiki ke ajiye suga a matsayin gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Da zarar an daina cin shinkafa, burodi, zaƙi da soye-soye, sai jiki ya koma cin ajiyarsa. Gilaikojin ya ƙare, ruwan ya tafi, kitse ya fara narkewa, hanta ta motse. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Ostireliya ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na wannan raguwa a makonni biyun farko yake faruwa.

Wasu asibitoci madara da yogot marasa kitse suke bayarwa, wasu garin abinci na musamman da ake damawa, wasu kuma kaza, kifi, ƙwai da ganye, haɗe da ƙwayoyin bitamin da ruwa mai yawa. Kwanakin farko sukan zo da ciwon kai, kasala, jiri da taurin bayan gida. Cin abinci mai nauyi sau ɗaya ana gab da tiyata yana iya sake cika hantar.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin sai an rage masa magani, in ba haka ba sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Saboda haka wannan tsari na 'yan makonni ne, a ƙarƙashin kulawar likita. Kada wanda ba tiyata zai yi ba ya ɗora wa kansa shi don kawai ya ji labarinsa.