Zangon Kwatano: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da an sallame sallar asuba a babban masallacin Zango, unguwa ta tashi ke nan. Mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu rawayen riguna suna kutsawa cikin lungunan da mutanen Kwatano ke kira "von". A taku ashirin sai ka ji Hausa da Dendi da Zabarmanci da Yarbanci da Fon, ga Faransanci ana ciniki da shi. Zango masaukin baƙi ne tun asali, kuma har gobe wanda ya sauko daga Maraɗi ko Kano nan yake fara neman ɗan'uwa.

Ina son unguwar nan, shi ya sa wasu abubuwa ke tsaya mini a rai in na ratsa ta. Ga kwalaben fetur na bakin hanya, wanda ake kira kpayo, jere kusa da mai suya. Ga tukunyar gas a ɗakin da mutum biyar ke kwana. Ga wayoyin lantarki sun sarƙe, ga lungun da kaya suka cinye rabinsa, har ka tambayi kanka ta ina motar kwana-kwana za ta shiga.

Fargabar tana da dalili. A damina ta 2010 ambaliya ta shafi mutum kimanin 680,000 a Benin, a ƙananan hukumomi 55 cikin 77, kuma Kwatano, da ke kwance a rairayi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ta sha ruwa sosai. A ƙarshen Oktoban 2015 gobara ta lashe wani sashe na kasuwar Dantokpa, inda 'yan Zango da yawa ke neman abinci a lokacin. A ranar 23 ga Satumban 2023 ma'ajiyar fetur ta kama da wuta a Seme-Krake, kan iyakar Najeriya, fiye da mutum 30 suka rasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Gwamnati ta yi nata. Bayan ambaliyar an kafa hukumar kare jama'a daga bala'o'i, an kashe kuɗi mai yawa wajen gina magudanan ruwa, kuma lambar 'yan kwana-kwana, 118, kyauta ake kiranta. Amma kafin jar mota ta iso, maƙwabci ne ke wurin. Shin ya san ba a watsa wa wutar fetur ruwa, sai yashi? Ya san inda ake yanke lantarkin gidan? Zai iya yi wa mai ɗaukar waya kwatancen lungunsu da Faransanci alhali jikinsa na rawa?

Masana shirin tunkarar bala'i ba sa yarda da bita ta rana ɗaya. Jadawali suke tsarawa na shekara uku ko fiye. A farko zama ake yi, a shimfiɗa taswirar unguwa, a ce wuta ta tashi a nan, wa zai yi me? Daga nan sai ƙananan atisaye: riƙe abin kashe gobara, ɗaukar wanda ya suma, fitar da yara daga Islamiyya ba tare da turereniya ba. Sai an ƙware a waɗannan ake yin babban gwaji tare da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti. Bayan kowane gwaji a rubuta inda aka yi tuntuɓe, a gyara, a sake. Japan ta ware 1 ga Satumba domin irin wannan atisaye, don tunawa da girgizar ƙasar 1923, kuma kowace shekara sai an maimaita.

A ganina Zango ta fi kowace unguwa buƙatar maimaitawar, domin mutanenta masu tafiya ne. Yaron da aka koya wa aikin a bara, bana yana Legas ko ya koma Damagaram noma. Wanda ya gaje shi a shago bai ma san inda bokitin yashi yake ba. Kuma lokaci da kansa yana juyawa: Sallah na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka cunkoson layya da yau ya zo cikin ruwan sama, wata shekara cikin rani zai zo. Shirin da ya dace da wannan bai dace da wancan ba.

Abin daɗi, unguwar ba ta rasa kayan aiki. Duk wanda ya ga yadda 'yan agaji ke tsara sahu ranar Juma'a, ko yadda ake haɗa jana'iza cikin 'yan sa'o'i, ya san mutanen nan sun iya haɗa kai. Lasifikar masallaci tana kai saƙo inda takardar hukuma ba ta kaiwa. Mata kuwa, da su ke gida kusa da murhu da yara, su ya kamata a fara koya wa, a cikin harshen da suke ji.

Don haka kirana ga limamai da dattawan Zango da shugabannin 'yan kasuwa: ku zauna da hukuma ku sa ranaku. Atisayen ambaliya a watan Maris kafin ruwa ya sauka, na gobara a Disamba lokacin hunturu, na shekara uku a jere. Ku rubuta jadawalin da Hausa da Faransanci, ku manna shi a ƙofar masallaci inda kowa zai gani.