Wa Ke Da Nauyin Wanda Ba Shi Da Wurin Kwana?

A ƙauye, da can, da wuya a ga mutum ya kwana a fili. Baƙo ya sauka a zauren mai unguwa, gwauruwa ta koma gidan ubanta, wanda gobara ta cinye wa ɗaki kuwa a yi masa gayya a ɗora jinka. Yanzu abin ya fi ƙarfin zaure. Ambaliyar 2022 kaɗai ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da gidajensu a Nijeriya, ban da waɗanda rikici ya kora daga garuruwansu. Masu karatu sukan tambaye mu, shin wace hukuma ce ke da alhakin irin waɗannan mutane?

Amsar tana rubuce. Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu, a ciki kuwa har da kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kuma lura da su. An sa wannan aiki a layi ɗaya da kula da maƙabarta. Watau kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 tana ɗauke da wannan nauyi, kamar yadda take ɗauke da na kasuwa da tashar mota. Sai dai kasuwa da tasha suna kawo haraji, gidan gajiyayyu kuwa ci yake yi. Shi ya sa a yawon aikinmu mukan ga rumfunan kasuwa sababbi, amma ba safai mukan ga ɗaki guda da aka keɓe wa wanda ya rasa matsuguni ba.

To, me akan yi in masifa ta auku? Galibi akan buɗe makarantar firamare a zuba mutane a azuzuwa, waɗansu kuma su fake a coci ko masallaci. Shugaban ƙaramar hukuma ya zo ya jajanta, a rubuta sunaye, a aika wa hukumar agaji ta jiha, ita kuma ta sanar da NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa wadda aka kafa a 1999. Bayan kwanaki a kawo shinkafa da barguna da kwanon rufi. Wannan taimako ne, ba mu raina shi ba. Amma ran da hutu ya ƙare, malamai na son azuzuwansu, sai a ce kowa ya san inda dare ya yi masa. Kwanon rufi kuwa ba shi da amfani ga wanda ba shi da filin da zai kafa ginshiƙi.

A nan ne ƙaramar hukuma take da ikon da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon filayen birni, amma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama irin na gargajiya, na gida ko na gona. Saboda haka in wani gari yana kwance a bakin fadama, ruwa na cinye shi shekara da shekaru, majalisar ƙaramar hukuma tana iya zama da hakimi da dagaci, a nemi tudu, a biya masu gonakin diyyar amfaninsu, a yanka wa mutane filaye da takarda. Takardar nan ita ce babba. Wanda aka ba shi aron fili da baki kawai ba ya yin gini mai ƙwari, ba ya dasa ko mangwaro, gama bai san ranar da za a ce ya tashi ba.

Shugabannin ƙananan hukumomi sukan ce ba kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Rabonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari, amma shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ba kullum yake isowa cikakke ba. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyansu kai tsaye. Duk da haka, yanka fili da rubuta takarda ba su cin kuɗin gina sakatariya.

Abin da muke ba ƙungiyoyin manoma da na mata shawara shi ne, kada a jira damina. Tun da rani a ƙidaya gidajen da ke kan hanyar ruwa, da tsofaffin da ba su da mai gyara musu ɗaki, da baƙin da ke zaune a kangon wani. A rubuta takarda kofi biyu, mai unguwa ya sa hannu, a kai wa kansila ɗaya, a bar ɗaya a hannun sakataren ƙungiya. A roƙi kansila ya gabatar da ita a zaman majalisa kafin a tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, sa'an nan a zaɓi mutum biyu su koma bayan wata guda su ji inda maganar ta kwana.