Hawan Babur A Duwatsun Mandara: Ba A Barin Na Baya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mokolo ta ranar Laraba ya san babur ne jakin wannan zamani. Shi ke sauko da dankali da gyaɗa daga ƙauyukan kan dutse, shi ke komawa da sukari da sabulu da jarkokin man zuwa-zuwa. To amma akwai samarin 'yan kasuwa da ke hawa dutsen ba kaya ba fasinja, don nishaɗi kawai da zumunci. Su muka bi wata ranar Lahadi, mu bakwai, daga Mokolo zuwa Rumsiki, tafiyar kusan kilomita 50, muka kuma dawo da darasin da muke son isarwa ga masu karatu.

Duwatsun Mandara sun miƙa kimanin kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Najeriya. Rumsiki, inda dogayen duwatsun nan masu tsini suke tsaye kamar an kafa su da hannu, 'yan kilomitoci ne tsakaninta da iyaka. Mutanen wurin Kapsiki ne, 'yan uwan Higi na ƙasar Michika. A da Turawa 'yan yawon buɗe ido ne ke cika garin. Tun da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza a watan Fabrairun 2013, sannan Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoban 2014, sai baƙi suka ɗauke ƙafa. A shekarar 2014 ɗin ma hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura a karkarar jihar Arewa Mai Nisa. Shi ya sa kafin mu tada inji sai da muka tambayi jandarmomi labarin hanya, kowa ya sa katin shaidarsa a aljihu, muka kuma yi alkawarin dawowa kafin magariba.

Uku daga cikinmu suna kan baburan daji irin Yamaha DT, masu dogon wuya, tayar gaba inci 21, ta baya 18, masu manyan haƙora. Sauran muna kan baburan haya na yau da kullum. Jagoranmu, wani bakanike da ya daɗe yana bin hanyar, ya sa kowa ya ɗan rage iskar taya don ta kama tsakuwa. Ya raba mana kaya: wannan famfo, wannan faci, wancan sifana da fulogi, sai ruwan sha. Sannan ya kafa doka uku. Ba mai wuce na gaba. A kowace mararraba sai an tsaya an ƙirga kai. Shi kuma da kansa zai zo a ƙarshe, don duk wanda babur ɗinsa ya mutu ya same shi a bayansa.

Da muka bar babbar hanya muka shiga 'yar siririyar turba, nan muka gane bambancin kwalta da dutse. Mai zama daram a kan sirdi shi ke shan jijjiga. Gwanaye miƙewa suke yi a kan matakan ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido can gaba, ba a kan tayar ba. Wurin hawa a sa giya ta ɗaya ko ta biyu, a kwanto gaba, kada a saki mai a tsakiyar hawa. Gefe da gefe gonakin dawa ne da manoma suka tare da katangun dutse hawa-hawa, aikin kaka da kakanni. Ba a taka su, kuma idan aka haɗu da mata ɗauke da itace ko makiyayi da shanu, mai babur ne ke tsayawa.

Hawa ba ya ba da tsoro kamar gangara. A hanyar dawowa, bayan mun wuce Mogode, ƙaraminmu ya ga kamar muna ɓata masa lokaci, ya wuce mutum biyu. A kwanar gangara ya damƙe birkin gaba a kan tsakuwa, tayar ta zame, ya faɗi da kafaɗa. Hular kwanonsa ta tsage, kansa kuwa lafiya. Da shi kaɗai ne, a wurin da waya ba ta kamawa, Allah kaɗai ya san awa nawa zai kwanta. Muka ɗaure masa hannu da rawani, muka sa shi tsakanin mutum biyu a babur guda, muka bar nasa a gidan wani manomi. A asibiti aka ce ƙashin kafaɗa ne ya karye.

Kuskuren nasa shi ne kuskuren da yawancin masu dakon kaya ke yi: kashe inji ko sakin giya a gangara don tsimin mai. Wanda ya yi haka ya ɗora nauyin duka a kan birki, birki kuwa idan ya yi zafi ba ya kamawa. Ƙaramar giya ita ke riƙe babur, sai a taimaka da birkin baya, na gaba kuma a hankali. Man da za a tsimi bai kai kuɗin ɗori ba.

Haka nan da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kada a raina mayo. Rafin da aka tsallaka a bushe da safe, ruwan da aka yi a kan dutse na iya cika shi kafin la'asar.

'Yan uwa masu bin hanyoyin Mubi, Bukula da Mokolo, abin da samarin nan ke yi don nishaɗi ku kuna yin sa don neman abinci, da buhu biyu a baya. Ku riƙa tafiya biyu-biyu ko uku-uku, ku sa hular kwano, ku bi ta inda hukuma ta sani, rana tana sama. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abokin namu yana shago yanzu, hannu a rataye, yana jiran kaka mu koma tare. Allah ya kiyaye hanya.